Na Fasa Alƙalamin Mahaifina da Filaya

Shekara 35 na yi ina koyar da lissafi a makarantun gwamnati, na ajiye alli a 2016. Wanda bai yi ritaya ba ba zai gane watannin farkon nan ba. Ka dawo daga sallar asuba, ka yi wanka, ka sa kaya har da hula, sai ka tsaya a tsakar gida ka tuna babu ajin da ke jiranka. Kuɗin sallama kuma ya zama je-ka-ka-dawo: yau fayil yana wancan tebur, gobe mai sa hannu ya yi tafiya, jibi a ce ka kawo takardar da ka riga ka kawo sau biyu. Sai na koma mafaɗaci a cikin gidana. Yaro ya bar buta a hanya, faɗa. Gishiri ya ɗan zarce a miya, faɗa. Likita ya auna ni ya ce jini ya hau, ya rubuta ƙwaya, ya ce in nemi abin da zai ɗauke mini hankali. Na ce masa to. A raina kuwa cewa na yi, a biya ni haƙƙina a ga ko jinin ba zai sauka ba.

Ana cikin haka, wata Juma'a bayan masallaci na shiga cikin birnin Zariya gaida Hajiya, na tarar ta baje adakarta tana shanya kaya saboda gara. Ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunana ba tun da na zo duniya. Ta tura mini wani ƙunshi a cikin tsohon hankici da bayan hannu, idonta yana wani wajen.

"Kai, ɗauki wannan. Na Malam ne. Tun da ya rasu yake nan, ni ban san abin da zan yi da shi ba."

Tun kafin in kwance na san ko mene ne.

Mahaifina magatakarda ne a kotun alƙali tun zamanin En'e. Duk wanda ya san shi ya san shi da kibiyar nan mai leƙowa daga aljihun gaban rigarsa, wato maƙalin alƙalaminsa. Baƙi ne, murfinsa na farin ƙarfe, bakinsa a lulluɓe, ɗan tsini kawai ake gani kamar bakin tsada. Ya ce a kantin Kingsway ya saye shi da albashinsa kafin a haife ni. Mu yara ba ma taɓa shi. Kana iya wasa da agogonsa ka sha da harara, amma alƙalamin nan ko kallonsa ka cika yi sai a tambaye ka me kake nema. Ranar Alhamis da yamma yakan zauna a zaure da kofin silba da ruwan randa, ya yi ta matsa shi yana sakewa har ruwan ya daina yin shuɗi, ya goge da tsumma, ya buɗe kwalbar Quink ya shayar da shi. Ina jin warin tawadar nan a hancina har yanzu. Yana da wani littafi mai baƙin bango wanda ba na kotu ba, a ciki yake rubuta duk haihuwar da aka yi a gidanmu, rana da wata na Musulunci da ajami, na Bature da boko. Haihuwata tana shafi na biyu.

Mu 'yan shekarun 1960 da alƙalami iri uku muka tashi. Na farko na makarantar allo, na gamba, wanda gardi zai feƙe maka da aska ya tsaga bakinsa, ka tsoma a kurtu. Na biyu na firamare, sanda mai bakin ƙarfe, ga rami a jikin tebur inda ɗan kurtun tangaran yake zama, monita yana bi yana zuba tawadar da aka dama daga gari. Na uku shi ne mai shan tawada da kansa, wanda mallakarsa ke nuna ka fara zama mutum. Da na shiga kwalejin horon malamai aka saya mini Hero, ɗan ƙasar Sin, kore. Malamanmu sun hana biro, sun ce yana lalata hannu. Hanin bai yi tsawon rai ba. Biro ya fi arha, ba ya zuba a aljihu, in ya ɓata ba ka kuka. Sunan ma na wanda ya ƙirƙiro shi ne, Bíró, wani ɗan jarida mutumin Hangari da ya yi rajistar dabararsa a 1938, kamfanin Bic na Faransa kuma ya cika duniya da shi daga 1950. Kafin in shekara biyar a bakin aiki na manta inda na jefa Hero ɗina. Malam kaɗai ne bai sauka ba har ya koma ga Allah a 2009.

Na kawo alƙalamin gida a ranar, na zauna a kan tabarma bayan la'asar. Na zare gangar jikinsa, ga kwanson ƙarfe, ga robar ciki tana nan da laushinta, abin da ya ba ni mamaki. Na tsoma bakin a ruwa na matsa. Ko kumfa ɗaya bai fito ba. Na bar shi minti goma, na sake matsawa, shiru. Mai hankali a nan zai bar shi ya kwana. Ni kuwa mutum ne da ya yi wata bakwai yana jiran sa hannu, ba ni da sauran jira a jikina. Na ɗauko fulas na tsiyaya tafasasshen ruwa na jefa shi. Bai buɗe ba. Na ce lallai sai an cire lulluɓin nan na gaba an ga abin da ya toshe. Na ja da hannu, ya ƙi. Na leƙa waje na buɗe akwatin kayan mashin ɗina na ɗauko filaya, wadda nake kama goro da ita, ko tsumma ban naɗa ba. Na danne, na murɗa, na ja.

Ƙarar ba ta da yawa. Ƙas, kamar an taka busasshiyar gyaɗa.

Tsaguwa ta tashi daga tsini har zoben tsakiya, ga sawun haƙoran filaya guda huɗu a kowane gefe. Abin da ya yi shekara hamsin a aljihun mutum ɗaya bai ko karce ba, ya yi awa uku a hannuna. Ina nan zaune har aka kira magariba. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce lafiya lau. Na mayar da shi cikin hankicin na tura ƙarƙashin littattafai. Mako uku ina zuwa gaida Hajiya ina addu'ar kada ta tambaya. Ga furfura a gemu, ga jikoki, ina ɓoye ɓarna kamar ɗan aji biyu.

Wani abokin aikina ne ya ce in gwada wani tsoho mai gyaran agogo a kasuwar Sabon Gari, wai da can yana taɓa alƙaluma. Na same shi a bayan ɗan akwatinsa na gilashi, ya haura saba'in, madubin nan na masu agogo a maƙale a ido ɗaya. Na gaishe shi na miƙa. Ya juya shi sau biyu, ya ɗago.

"Malam, wane ne ya yi wannan aikin?"

"Ni ne, Baba."

"Da me?"

"Filaya."

Ya cire madubin ya ajiye. "Famfo ka ɗauke shi?"

Ban ce komai ba. Ya ce in jawo benci. Ya aika yaro wurin mai shayi ya karɓo ruwan zafi, ya surka shi har ya iya barin yatsansa a ciki, ya tsoma gaban alƙalamin. Can ya ciro, ya ɗora a leɓensa na ƙasa. Ya ce wannan ne ma'auninsa: abin da leɓe bai iya ɗauka ba, alƙalami ma ba zai ɗauka ba. Ya yanko ɗan tsinken robar tayar keke ya naɗa don kada hannu ya zame, ya murɗa kaɗan, bai motsa ba, ya mayar cikin ruwa. Sau biyar yana haka, muna hirar tsadar masara. A na shida lulluɓin ya juya kamar murfin kwalba. Ashe zare gare shi, aka kuma ɗan shafa masa gam mai sakin jiki in ya ji ɗumi. Ni kuwa ja na yi ta yi.

"Duk abin da ya ƙi buɗuwa da dalilinsa," in ji shi. "Ko zare, ko gam, ko datti. Ka fara sanin wanne ne kafin ka nuna masa ƙarfinka."

A ciki akwai wani abu mai siraran fukafukai jere kamar matajin kai, duk sun cushe da baƙin abu mai ƙyalli. Baba ya kankaro kaɗan ya shinshina, ya ɗanɗana a harshe, ya yi dariya. Tawadar allo ce. Daga baya Hajiya ta tabbatar mini: da idon Malam ya yi rauni, Quink kuma ta yi wuyar samu a unguwa, wani jikansa mai son taimako ya riƙa cika masa daga kurtu. Tawadar allo baƙin gawayi ce ko na tukunya da ƙaro. A kan allo babu kamarta, a cikin waɗannan ƙananan hanyoyi kuwa siminti ce. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙaro yana narkewa a ruwan sanyi. Da na jiƙa shi kwana uku ina sauya ruwa, da rabin aikin ya yi kansa.

Baba ya ce komai na ciki lafiya yake, lulluɓin ne ya tafi, kuma ba ya liƙuwa, don tawada za ta bi tsaguwar ta ɓata yatsa. Sai dai in samo gawa, wato irinsa da ya mutu ta wani wajen, a ciro. Sannan ya jawo wani tsohon gwangwanin madara daga ƙarƙashin tebur, cike da matattun alƙaluma, ya zaɓo Hero guda biyar ya zuba mini a hannu. "Je ka fasa waɗannan tukuna. In ka gama fasawa ka dawo."

Na fasa biyu. Na uku ya yi rubutu. Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba da na ga layin shuɗi ya biyo bakin abin da ya shekara talatin a mace. Na rubuta bisimilla, na rubuta sunana, na cika shafi da lamba takwas. A daren nan ban yi wa kowa faɗa ba.

Daga nan na shiga karatu a waya, ɗiyata tana nuna mini inda ake latsawa. Na gano na Malam sunansa Parker 51. An gama tsara shi a 1939, shekara ta 51 da kafa kamfanin a garin Janesville na Amurka, ya shiga kasuwa a 1941. Irin mai robar matsawa daga 1948 aka fara shi, kuma robar ba danƙo ba ce irin na sauran, shi ya sa ta kai yau da ranta. Na Malam a Ingila aka ƙera shi, rubutun jikinsa ya nuna. A jikin kwanson ma an rubuta a matsa sau huɗu, ban taɓa lura ba. Hero 616 da muka yi ta taƙama da shi a kwaleji kuwa kwaikwayonsa ne daga wata masana'anta a Shanghai. Har na yi murna na ce to ga lulluɓi a arha, na gwada, zaren bai hau ba.

Abin da ya fi burge malamin lissafi a cikina shi ne yadda abin yake aiki. Alƙalamin tawada yoyo ne da aka yi wa linzami. Tawada tana bin siririyar hanya ta gangaro, iska tana bin wata ta hau ta cike gurbinta. In iska ba ta shiga ba rubutu ya tsaya, in ta shiga da yawa ya yi amai. Fukafukan nan aikinsu su riƙe rarar da ta kuɓuce. Tsaguwar bakin kuwa ita ce dai wadda gardi yake yi wa gamba da aska. Da na faɗa wa Baba haka sai ya ce ai Bature bai ƙara komai ba illa ya cusa kurtun a cikin alƙalamin.

Wannan ne ma ya warware mini wata tsohuwar rigima da uwargida tun muna amarci. A watan Afrilu, in zafin Zariya ya kai intaha, alƙalamin da ya rage rabi yakan zubar a aljihun farin kaftani. Iskar da ke cikinsa ce take kumbura da zafin rana da na jiki, ta turo tawada waje. Maganinsa a cika shi taf, a kuma ajiye shi baki sama. Da hunturu kuma akasin haka, ka ɗan tsaya tunani da murfi a buɗe, ka dawo ka tarar bakin ya bushe. Na yi mata wannan bayani da zane a takarda. Ta ce ta ji, amma wanki dai ita ke yi.

Neman gawa ya ɗauke ni shekara biyu, a cikinsu ne abin ya zama mini jiki. Na bi 'yan gwangwan, na bi masu kayan da a Kasuwar Kurmi a Kano, na bi gidajen tsofaffin ma'aikata a Kaduna. Da mutane suka ji, sai aka fara kawo mini. Wani ya ce na kakansa ne da ya yi aikin jirgin ƙasa, wata ta ce na mijinta ne. Platignum, Sheaffer, Pelikan mai ratsin kore, da tarin Hero. Yawancinsu ba abin da suke so sai wanka: ruwan sanyi, ɗigon sabulun wanke-wanke, sirinji, da kwana biyu.

Wanda na fi jin daɗin aikinsa shi ne mai 'yar sanda a gefe, irin dabarar da Sheaffer ya yi wa rajista a 1908: ka ɗaga sandar ta matse robar ciki, ka sake ta ta zuƙo tawada. Na farko da na yi wani Conway Stewart ne ɗan Ingila, kore mai rodi-rodi. Ka girgiza shi ka ji yana ƙara kamar akwai tsakuwa, robar ce ta bushe ta farfashe. Doka ta farko, in sandar ta ƙi ɗaguwa kada ka tilasta mata. Na biyu, irin waɗannan tsofaffi ba a jefa su cikin ruwa gaba ɗaya. Wasu da sinadarin madara aka yi jikinsu, ruwa yana kumbura su. Wasu baƙar roba ce da aka dafa da farar wuta, in ka goga da yatsa za ka ji warin, ruwa da rana suna mayar da ita ruwan ƙasa. Wasu kuma in ka shinshina cikin murfin za ka ji kafur, waɗannan ko kusa da wuta ba a kai su, don ci suke kamar fetur. Da na'urar busar da gashi ta 'yata nake ɗumama wuyan, ina taɓawa a leɓe, ina girgiza shi kaɗan-kaɗan har ya zame. Sai in zazzage ɓaraguzan, in kankare ɗan nonon da robar ke hawa da bayan wuƙa har ya yi fes. Sabuwar roba lamba gare ta, lambar kuwa faɗinta ne a kason inci 64, wato mai lamba 16 rubu'in inci ce. Ka zura ta cikin gangar jiki, in tana gogar gefe ta yi girma, ka sauka lamba ɗaya. Ka yanke tsawonta, ka shafa shalak siriri a kan nonon, ka buɗa bakin robar ka zura, ka bar shi ya kwana. Shalak ɗin nan daga jikin wani ƙwaro ake samunsa a Indiya, a narka a sifirit, kuma an zaɓe shi ne don yana sakin jiki da ɗan zafi, wanda zai zo bayanka ya iya buɗewa. Mai sa sufa gulu a alƙalami ya rufe ƙofa ne ya jefa makulli a rijiya. Da safe ka baɗe robar da farar hoda marar turare don kada ta manne, ka mayar, ka tsoma a ruwa ka ɗaga sanda. In ka ga kumfa ta tashi, ya farfaɗo.

Robobin da shalak wani ɗan ƙanena mai karatu a Ingila yake riƙo mini in zai zo hutu. Kafin haka na gwada yatsan safar hannu ta asibiti. Kada kowa ya gwada.

A wajen goge jiki na sake yin wata ɓarnar, ƙarama dai. Wani aminina ya kawo Sheaffer mai maƙalin ruwan zinare ya ce yana so ya yi ƙyalli. Na ɗauko man goge tagulla irin wanda sojoji ke goge maɓalli da shi, na dirza da zuciya ɗaya. Ya yi ƙyalli kam, don zinaren ya tafi, tagullar ƙasa ta fito. Ruwan zinare bai kai kaurin fatar albasa ba. Garin neman gira na rasa ido. Yanzu tsumma mai laushi kawai nake sa wa ƙarfe. Jiki kuma ina bin sa da sanfefa mai laushin gaske, irin mai lamba dubbai, daga mai ɗan kaushi zuwa 12000, da ɗigon ruwa, bayan na liƙe rubutun kamfani da salatif don kada ya shafe. Amma gaskiya yanzu ban cika son gogewa ba. Mutane suna so abin ya koma kamar yau aka saye shi, ni kuma ina ganin wanda ya kawo alƙalamin kakansa ba sabo yake nema ba, in sabo ne ga kanti nan. Wata hajiya ta kawo na marigayi mijinta, gindinsa duk sawun haƙori. Na tambaye ta in goge? Ta yi shiru, ta ce haka yake yi in yana lissafin kuɗin makarantar yara. Na wanke ciki na bar waje yadda yake.

Baki shi ne inda Baba ya fi tsananta mini. A ƙarshen tsinin akwai ɗan ɗigon ƙarfe mai tauri da aka narka aka ɗora, shi ke taɓa takarda, in ka cinye shi da sanfefa ba ya dawowa. Duk wanda ya zo yana cewa alƙalaminsa yana karta, hannunka zai yi ƙaiƙayin gogewa. Baba ya ce a'a, duba tukuna. Ka sa madubi mai ninka goma, ka kalli tsinin ta gaba kamar kana kallon bakin bindiga. Galibi za ka ga ɗaya daga cikin 'yan tagwayen, wato ɓangarori biyun da tsaguwar baki ta raba, ya ɗara ɗan'uwansa tsawo da abin da bai kai gashi ba. Da farce za ka ɗaga na ƙasan, ka saki, ka duba, ka sake, har su daidaita. Kartar ta tafi ba ka cire komai ba. Sau ɗaya na yi sassaƙa da gangan. Wani alaramma maƙwabcina ya ce yana son wanda zai ba shi kauri da siranta irin na gamba, don ya riƙa rubuta wasiƙa da shi a tafiya. Na ce ya kawo alƙalaminsa na gamba, na ajiye a gabana, na samo bakin ƙarfe mai faɗi na yi ta karkatar da shi a kan dutsen wasa aska ina kwatantawa. Kwana huɗu. Ya gwada, ya ja ba'un ɗaya mai tsawo, ya ce, "Ya yi, amma gamba ta fi shi jin magana." Na roƙe shi Allah da Annabi kada ya sa masa tawadar kurtu.

Kuɗin sallamar sun fito a ƙarshe, rabi, bayan na daina zuwa tambaya. Jinin ma ya ɗan sauka, ko da yake ƙwayar ba ta bar ni ba. Baba kuwa ido ya gaza, 'ya'yansa suka mayar da shi gida. Ranar da zai tashi ya aiko yaro da gwangwanin madarar nan gaba ɗaya, ba saƙo, ba komai.

Gawar ta zo ne ta hannun wani tsohon ɗalibina da ya ji labari. Ya tsinto ta a durowar kawunsa: Parker 51, ba murfi, ba baki, gangar jiki a fashe, amma lulluɓi lafiya lau. Sai dai ba baƙi ba ne, ja ne mai duhu, launin zoɓo. Ɗan ƙanena ya ce zai iya nemo mini baƙi a can. Na ce ya bari. Ban ga dalilin da zai sa a ɓoye abin da na yi ba.

Haɗawar ta ci yini guda. Lulluɓin yana da ɗan tsini wanda dole ya sauka daidai kan tsakiyar baki in an ɗaure shi, zaren kuwa inda ya ga dama yake tsayawa. Sai ka ɗaura, ka ga ya kauce, ka kwance, ka juya kayan ciki kaɗan, ka sake. Na yi ta fi sau goma. Da ya zauna na cika shi da shuɗi-baƙi na Pelikan, na ja layi. Ya karta. Gabana ya faɗi. Na sa madubi, tagwayen daidai suke, amma ɗigon tsinin ya cinye ta gefe ɗaya, ya yi ɗan fili mai sheƙi kamar dutsen niƙa. Na riga na miƙa hannu ga sanfefa sai na tsaya. Na juya alƙalamin kaɗan zuwa hagu, na kwantar da shi, na sauke gwiwar hannuna. Ya tafi kamar a kan mai. Na dubi hannuna a kan takardar, yatsa manuni a lanƙwashe, wuyan hannu a karye ciki, na ga hannun da nake leƙe a zaure ina yaro.

Juma'ar da ta biyo na kai wa Hajiya. Na faɗa mata duk abin da ya faru, har filayar. Ta karɓa ta kai kusa da ido, ta shafa jan wurin da babban yatsa.

"Shi ya sa ka yi shekara biyu ba ka tayar da maganar ba."

"Shi ya sa, Hajiya."

"Na sani ai. Yana rubutu?"

Na ce yana yi. Ta tashi da kyar ta buɗe adaka, ta tono har ƙasa, ta fito da littafin nan mai baƙin bango. Rubutun ƙarshe na 2008 ne, hannun yana rawa, layin ya gangara. Bayansa an haifi yara goma sha ɗaya a gidan, ba wanda ya shiga. Ta zauna ta miƙe ƙafa ta fara lissafo su da yatsu, wannan da azumi saura kwana uku, wancan daren da aka yi ruwan ƙanƙara, ni kuma ina duba kalandar waya ina mayarwa. Ajamina ba ya kai nasa kyau, kuma da na manta na miƙe hannu sai bakin ya karta, in koma in karkata. Mun kai na bakwai aka kira la'asar. Ta ce in bar shi a buɗe ya sha iska, kada tawadar ta shafi ɗaya shafin, sauran huɗun sai mako mai zuwa in ta tambayi matar ƙanena ranakun.